Rauta ta daina bin lambar gudu: abin da za a duba kafin a ce kati ya ƙone

Masu saurare, yau zancenmu na kafintoci ne, waɗanda wasu ke kira minizye. Injin da muke magana a kansa shi ne rauta, ko defonsez a bakin waɗanda suka koyi aiki da Faransanci, wanda ake fitar da ado da shi a bakin ƙofa, gado ko tebur. A jikin da yawansu akwai ƴar taya mai lambobi, galibi 1 zuwa 5 ko 6. Ita ce ke rage gudu ko ƙara shi, daga kamar juyi 8,000 a minti guda har 24,000, gwargwadon injin.

Wannan taya ba ado ba ce. Ƙaramin baki na son gudu, babba ba ya so. Bakin da faɗinsa ya kai santimita 8 ko 9 bai kamata ya wuce juyi 12,000 ba. In aka sake shi da cikakken gudu, yana ƙona katako, yana girgiza injin, ƙarfen da aka liƙa a bakin kuma na iya fizgewa ya samu mutum a fuska.

Kafin a kwance ko ƙusa guda, a zare waya daga priz. Kashe maɓalli kawai bai isa ba.

Mu fara da injin da gudunsa ke hawa da sauka shi kaɗai. Sau da yawa laifin ba nasa ba ne, na wuta ne. Ƙaramin gurup ba ya ɗaukar babbar rauta, balle in an haɗa ta da zarto a kan waya guda. A gwada ta a wutar gari, ko a wani shago. In ta daidaita, to magana ta ƙare. In ba ta daidaita ba, a duba wayar, musamman inda ta shiga jikin injin, don nan take karyewa ta ciki alhali roba na nan lafiya.

Daga nan sai sharbon, wato ƴan gawayin nan biyu da ke gugar tagullar mota. A injuna da dama suna ƙarƙashin baƙaƙen murafe biyu a gefe. In sun cinye, ko maƙatar da ke tura su ta yi sanyi, za a ga tartsatsi ya yi yawa, injin ya riƙa yankewa yana dawowa, wata rana ya ƙi tashi gaba ɗaya. Ana canza su tare, ba guda ba, kuma da irin nasu. Sharbon wani injin da aka goge ya shiga da ƙyar, tagullar motar yake ci.

Sai ƙura. Garin katako ga kuma na hunturu, duk cikin tayar lambobin suke taruwa. Alamarta ita ce wata lamba ta yi aiki wata ta ƙi, ko gudu ya yi tsalle in an taɓa tayar. A hura da iskar kwamfuresa, a fesa maganin wanke kayan lantarki irin na masu gyaran rediyo, a murza tayar gaba da baya sau da yawa, a bari ta bushe. Ban da ruwa, ban da man inji.

In kuwa rauta ta tsaya a kan cikakken gudu, ko an sa 1 ko an sa 6, abu biyu ake zargi. A wasu injuna akwai ɗan zoben maganaɗisu a saman sandar mota, da shi katin ke ƙirga juyi. In ya tsage ko ya zame, katin na iya sakin wuta duka. In zoben na nan daram, to abin da ake kira tiriyak a cikin katin ne ya ƙone ya bar hanya a buɗe. Yawancin katunan an zuba musu baƙin ƙaro ya daskare, shi ya sa ba a cika gyara su ba, sai dai a sake sabo. A tafi kasuwa da lambar da ke rubuce a jikin injin, don kamar juna ba ta nufin za su yi aiki tare.

Mun san wasu masu gyara na tsallake katin su haɗa waya kai tsaye. Injin zai tashi, gaskiya ne. Amma zai tashi da fizga, don tashin sannu-sannu ma aikin katin ne, kuma ba sauran rage gudu. Wanda ya yarda aka yi masa haka, ya tsaya ga ƙananan bakuna, waɗanda ba su wuce santimita 2 da rabi ba, ya kuma gaya wa yaran shago, ko ya rubuta a jikin injin.

Ƴan'uwa da ke ƙetare masu aiko da kayan aiki, ga naku. Wutar Amurka da Kanada volt 120 ce, tamu ta Nijar 220. Rautar can in aka soka ta a priz ɗinmu ba tare da taransifoma ba, katin na iya mutuwa nan take, wani lokaci har da motar. Ta Faransa, Beljiyam ko Najeriya ba ta da wannan matsala. Ku karanta ƴar takardar jikin injin kafin ku biya kuɗi, kuma in da hali ku haɗo da sharbon na canji a cikin kwalin.