Bakin Tukunya: Tarihin Hargitsin Filazma a Injinan Haɗa Ƙwayoyin Zarra

 Jawabina na yau ya shafi tarihin wata matsala wadda ta ɗaure wa masana kimiyya kai sama da shekara 70, wadda kuma a ƙarshe aka tarar makullinta yana inda ba a cika dubawa ba.

Rana tana samun zafinta ne daga haɗewar ƙwayoyin zarra na haidurojin, kuma tun wajejen 1950 masana suke neman yin haka a doron ƙasa domin samar da wutar lantarki. Kafin haka ta samu, tilas a dafa iskar haidurojin ta wuce digiri miliyan 100, inda takan koma abin da ake kira filazma, wato iskar da ƙwayoyinta suka rarrabu suka ɗauki cajin lantarki. Babu ƙarfen da zai jure mata, saboda haka ake tsare ta da ƙarfin maganaɗisu cikin wata tukunya mai siffar gammo. Andrei Sakharov da Igor Tamm na Tarayyar Sobiyet su ne suka tsara irin tukunyar da aka sa wa suna tokamak.

Da farko kowace ƙasa a asirce take aikinta. Da aka bayyana komai a taron Jeniba na 1958, sai aka ga ashe ciwon kowa ɗaya ne: zafin filazma yana yoyo da sauri fiye da yadda lissafi ya nuna. Dalili shi ne hargitsi, wato ƙananan guguwoyi da ke tashi a cikinta suna kwashe zafi daga tsakiya zuwa waje. A 1968 mutanen Lev Artsimovich suka ba da sanarwa cewa injinsu T-3 ya kai kimanin digiri miliyan 10. Masanan Yamma suka yi tababa, har sai da wata tawaga daga Culham ta Ingila ta je Mosko a 1969 ta auna da hasken leza, ta tabbatar. Daga nan ƙasashe suka dukufa gina tokamak. Amma ba a daɗe ba aka lura cewa gwargwadon zafin da aka ƙara, gwargwadon yadda yoyon yake tsananta.

A wancan zamani hankalin yawancin masana yana kan tsakiyar filazma, inda zafin yake. Sauyi ya zo a watan Fabrairun 1982, a injin ASDEX da ke Garching kusa da Munik a Jamus. Fritz Wagner da abokan aikinsa suna ƙara zafi, sai kwatsam filazma ta canja hali, ta riƙa riƙe zafinta kusan ninki biyu. Babu lissafin da ya hango haka. Da aka bincika, sai aka tarar hargitsin ya kwanta a wani siririn zobe na 'yan santimita a bakin filazma, zoben ya zama katanga. Wannan shi ake kira yanayin H. Bayani ya biyo baya: a 1990 Biglari da Diamond da Terry suka nuna cewa idan sassan filazma suna gudana kusa da juna da sauri mabambanci, sukan yayyaga guguwoyin tun ba su girma ba.

Sai dai katangar ta zo da nata wahala. Matsi yakan taru a bayanta har ta ɓalle lokaci-lokaci, kamar yadda tukunya mai tafasa take ɗaga murfi, ta watsa zafi ga bangon injin. A farkon shekarun 2000, masu injin DIII-D a San Diyego ta Amurka suka nuna ana iya hana wannan ɓallewa ta hanyar ɗan jirkita maganaɗisun baki.

A kan wannan ilmi aka gina nasarorin baya. Injin JET na Culham ya ba da megawat 16 a 1997, ya kuma ba da megajul 69 a 2023, shekarar da aka dakatar da shi. Injin ITER da ake ginawa a Cadarache ta kudancin Faransa an tsara shi ya yi aiki a yanayin H, da nufin fitar da megawat 500 daga megawat 50 na zafin da za a zuba. Idan bakin filazma ya ƙi biyayya, wannan buri da dukiyar da ƙasashe suka zuba ba za su kai gaci ba.

Hausawa kan ce, raina kama ka ga gayya. Ɗalibai masu shirin bincike, da ma'aikata masu yanke shawarar abin da za a kashe wa kuɗi, ya kamata ku riƙe cewa a wannan fage gwaji ya riga lissafi da shekara 8, kuma amsar ta fito ne daga gefen da aka raina.