Daga Helsinki zuwa Gure: Wace Linux ce ta iso Sahel?

Uwar manhaja ita ce tsarin da ke tafiyar da kwamfuta tun daga kunnawa, kuma ana kiran ta mai buɗaɗɗen tushe idan an bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, domin kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba ba tare da sayen lasisi ba. Linus Torvalds ya fitar da ƙwayar Linux, wato zuciyar irin wannan uwar manhaja, a Helsinki a 1991, kuma daga gare ta rassa suka tsiro, kowane da abin da magoya bayansa ke tinƙaho da shi.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta yi suna wajen ƙarko, domin masu aikin sa kai da ke kula da ita ba sa sakin sabuwa sai gwaji ya gamsar da su, ko da ta fito tana bayan zamani. Ubuntu kuwa, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ɗora a kan Debian a 2004, ta zaɓi sauƙin amfani da sabuntawa duk wata shida, har ta riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa 2011, abin da ya fi komai tasiri inda intanet ke tafiyar hawainiya.

A 2007 gasar rassan Linux ta shigo Najeriya. An gwada kwamfutocin XO, masu tsarin da aka gina kan Fedora, a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, yayin da kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora manhajarsa a kan kwamfutocin Classmate 17,000 na ɗaliban Najeriya. Da aka ji batun goge ta a sa Windows, shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, lamarin da ya nuna cewa ingancin manhaja kaɗai ba ya yanke hukunci. Mandriva ya rufe a 2015.

A Gure, tsohuwar ƙasar Muniyo da ke kan hanyar Damagaram zuwa Diffa, wadda ta fi yaɗuwa ba ta cikin waɗannan. Wayoyin zamani na Tecno da Itel da ake jerawa a teburin mai caji suna aiki ne da Android, kuma ƙwayar Linux ce a ƙarƙashinta.