Wa Ke Zaɓa wa Bangon Zango Launi?

Akan ɗora wa fentin gwangwani laifin ɓacewar adon gida irin na Hausawa a zangunan Akra, amma tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. A Kano da Zariya, magina daga ƙasa da itatuwa suke samun launi: jar ƙasa, farar ƙasa, da makuba da ake haɗawa daga ɓawon ɗorawa, wadda ke ba bango duhun ja tana kuma kare shi daga ruwan damina. Da siminti da fenti suka yawaita a tsakiyar ƙarni na 20, maginan Zariya rungumarsu suka yi. Suka cika dagi da sauran zayyana da shuɗi da kore da rawaya, har keke da mota suka hau fuskar zaure. Ashe fenti ƙara wa sana'ar armashi ya yi, domin mai gida na nan, yana son duk mai wucewa ya san matsayinsa.

A Nima, ɗaya daga cikin zangunan Akra, lamarin ya sha bamban tun daga tushe. A 1931 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami filin daga iyalan Odoi Kwao, mutanen Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi suka yi ta kwarara zuwa Nima da maƙwabciyarta Maamobi, gidaje suka koma jerin ɗakunan haya kewaye da tsakar gida ɗaya. Ɗan haya ƙofarsa da cikin ɗakinsa yake shafawa, galibi gab da Sallah. Bangon waje kuwa ya zama maraya. Shi ya sa da kamfanonin waya suka shiga gasa, musamman bayan Vodafone ta sayi kaso 70 cikin 100 na Ghana Telecom a 2008, ba su sha wuya ba wajen mayar da bangaye allon talla ta hanyar shafa musu fenti kyauta: rawayan MTN nan, jan Vodafone can.

Wani zai ce fentin kyauta ya fi bango tsirara, tunda damshin gaɓar teku na cin siminti. Gaskiya ne, kuma ba a zargin talaka don ya karɓa. Sai dai a Zariya ma kare bango ne aikin makuba na farko, amma hakan bai hana mai gida zaɓar abin da fuskar gidansa za ta faɗa ba. A Nima, a ofishin kamfani aka zaɓi launin, mazauna gidan kuwa sai dai su wayi gari su gan shi.