Yadda Aka Koyi Auna Hayaƙin Zaiba da Haske

Jama'a, yau ba gyaran waya za mu yi ba, tarihi ne. In kai ɗan Yauri ne, ko Ngaski, ko Shanga, ka san haƙar zinare ba sabon abu ba ne a wajenmu, tun zamanin Turawa ake yi a yankin Birnin Yauri. Ana cuɗa garin dutse da zaiba, wato makuri, ta kama zinaren, sannan a ƙona dunƙulen. Zinare ya zauna, zaibar ta bi iska. To wannan tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda yake ci. Ta yaya za ka auna abin da ba ka gani?

Amsar ta faro daga Jamus. Wajen 1860, Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari yana da irin hasken da yake fitarwa, kuma shi ɗin yake shanyewa. Na zaiba yana kan nanomita 253.7, cikin hasken da idon mutum ba ya kamawa. Sai dabara ta fito: ka kunna fitilar zaiba, ka bi da haskenta ta cikin bututun da hayaƙi ke wucewa, ka auna abin da ya isa ɗaya gefen. Iya hasken da ya ɓace, iya zaibar da ke ciki. A 1939 Woodson ya ƙera na'ura a kan haka a Amurka. A 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji, Hatch da Ott suka fitar da hanyar auna ta a ruwa da ƙasa ba tare da harshen wuta ba. Irin wannan aunin ne manyan masana'antu ke yi a bakin bututun hayaƙinsu.

Abin da ya tada duniya kuwa Minamata ne, a Japan. A 1956 aka gano cutar: kamfanin Chisso na zubar da dagwalo a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. Daga nan yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta samo suna, Najeriya ta amince da ita a 2018. Mu da kifin tafkin Kainji ne cimarmu da kasuwarmu, ai wannan labarin ba na nesa ba ne.

Yanzu na'urar ta ƙanƙance har ana rataya ta a kafaɗa, kamar Lumex ta Rasha. Amma a ganina inda ta fi dacewa shi ne ɗakin da ake ƙona zinare, kusa da yara da tukunyar abinci, ba ofis ba.

Kuma don Allah kada wata manhaja ta yaudare ka cewa kyamarar wayarka za ta auna zaiba. Gilashin kyamarar kansa yana tare wannan hasken, bai ma isa ciki ba.