Igboho: Garin Da 'Yan Gudun Hijira Suka Kafa

Yau in ka ambaci Igboho a gaban Bahaushen da ke zaune a Kurmi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Sunday Igboho, wanda a watan Janairun 2021 ya bai wa Fulani makiyaya wa'adin kwana 7 su fice daga Igangan. To amma Igangan tana yankin Ibarapa ne, Igboho kuwa gari ne daban, mai tsohon tarihi.

Igboho shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Orelope, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 33 na jihar Oyo. Yana can arewacin jihar, a yankin da ake kira Oke-Ogun, kusa da Saki da Kishi da Igbeti. Wanda ya saba da duhuwar dajin kudu zai sha mamaki, domin nan fili ne mai ciyawa da duwatsu. Akasarin mutanen manoma ne, suna noma doya da rogo da masara.

A ƙarni na 16 Nufawa suka ci Oyo-Ile, tsohon birnin Alafin, wanda Hausawa ke kira Katunga. Gidan sarauta ya gudu ƙasar Bargu, Bargawa suka ba su masauki. A hanyarsu ta dawowa ne Alafin Eguguojo ya kafa Igboho, ya mai da shi mazaunin sarauta. A nan aka binne Alafin huɗu: Ofinran da Eguguojo da Orompoto da Ajiboyede. Tarihin baka na danganta ƙarfafa rundunar mahaya da Orompoto, kuma dawakin Oyo daga arewa ake sayo su. Sai a zamanin Abipa sarauta ta koma Oyo-Ile.

Kun ga ke nan garin da sunansa ya zama abin fargaba ga baƙo, baƙin da aka taɓa kora ne suka gina shi. Wannan bai share kukan manoman Ibarapa kan kisa da garkuwa da mutane ba, domin wanda aka cuta yana da hakki. Sai dai a kama mai laifi da laifinsa, kada a kore ƙabila sukutum. Da Bargawa sun rufe ƙofa a wancan lokaci, da tarihin Oyo ya sha bamban.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.