Farfesa Iya Abubakar da Gadon Lissafi

Mu mazauna Kura da Bunkure mun sani ruwan Tiga ba ya isa gona sai an auna magudana da lissafi. Don haka a wannan Jubili muna tunawa da Farfesa Iya Abubakar. An haife shi a 1934, ya yi karatu a Barewa da Ibadan, ya sami digirin dakta a Kambirij, inda ya binciki yadda girgiza ke ratsa ƙasa. Ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya gaji Farfesa Ishaya Audu a shugabancinta a 1975. Cikin ɗalibansa aka sami malamai, su ma suka yaye wasu. 'Yan'uwa, in 'ya'yanmu suka guji lissafi, wa zai auna mana ruwa gobe?