JADES-GS-z14-0

JADES-GS-z14-0 gungun taurari ne mai tsananin haske, ɗaya daga cikin mafiya nisa da aka taɓa gani. Na'urar hangen nesa ta James Webb ce ta gano shi, aka sanar a watan Mayun 2024. Hasken da ake gani ya baro shi kimanin shekara miliyan 300 da fara samuwar sararin samaniya. Faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 1,600, kuma matasan taurari ne ke haskaka shi. A 2025 aka sanar cewa na'urorin ALMA da ke ƙasar Chile sun gano oksijin a cikinsa. Masana na ƙidayar ire-irensa domin fahimtar yadda taurari suka kankama tun da wuri, ganin yawan irin wannan gungu ya zarce hasashe.